Garwa da Kogin Binuwai: Yadda Cikar Kogi Ta Koma Ambaliya

A bakin Bahaushe, "kogi ya kawo" daban, "an yi ambaliya" daban. Magana ta farko albishir ce da ake yi wa manomi da masunci da ɗan fito domin kowa ya shirya. Ta biyu kuwa jaje ake yi a kanta. Ruwan ɗaya ne, sau da yawa ma yawansa ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne ko ruwan ya zo a lokacin da aka san yana zuwa, ko kuma ya tarar da mutane a wurin da ba su zaci zai kai ba. Tarihin Garwa, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, ana iya karanta shi a matsayin labarin yadda magana ta farko ta rikiɗe ta koma ta biyu, cikin shekarun da ba su wuce tsawon rayuwar mutum guda ba.

Kafin a shiga tarihi, ya kamata ɗalibi ya san yadda ƙasar take kwance. Kogin Binuwai ya taso ne daga tuddan Adamawa, arewa da Ngaundare, ya gangaro ya fuskanci arewa, sa'an nan ya karkata yamma ya bi ta gindin Garwa. Daga nan ya tsallaka Nijeriya, ya wuce Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, ya je ya zuba a kogin Kwara a Lokoja, bayan tafiyar kimanin kilomita 1,400. Gab da Garwa ta gabas, Mayo Kebbi yana zubo masa ruwa daga wajen Cadi. Can ƙasa da garin, kusa da iyaka, kogin Faro yana kawo nasa. (Kada a rikita Mayo Kebbi da Kabin Argungu, sunan ne kawai ya yi kama, kuma maayo a Fulatanci kogi ke nan.) Ruwan saman da ke sauka a Garwa a shekara yana kai wa kimanin milimita 1,000, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawa a Agusta da Satumba. To, ga inda matsalar take. A kan tuddai ruwa gudu yake yi, amma da ya iso Garwa sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: kogin a nan bai cika mita 200 sama da teku ba, alhali yana da sauran tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya ga tekun. Ruwa yakan iso da gaggawa, ya tafi da nawa. Abin da ya rasa hanya sai ya bazu cikin fadamu.

Uwar ruwa

Ranar 18 ga Yuni, 1851, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa da Barno suka sani da Abdulkarim, ya iso gaɓar Binuwai a daidai inda Faro ke haɗuwa da shi, yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Shi ne ya sanar da Turai cewa sunan kogin daga harshen Bata ya fito, ma'anarsa kuma uwar ruwa. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe a Yola ba, amma labarin da ya aika gida ya isa ya sa Ingila ta turo jirgin tururi mai suna Pleiad a 1854, ƙarƙashin likita William Baikie, tare da Samuel Ajayi Crowther. Jirgin ya hau kogin ne da damina, lokacin da ya cika, domin da rani ba zai yiwu ba. Tun daga wannan tafiya ta farko darasin ya fito fili: Binuwai hanya ce, amma cikarsa ce ke buɗe ta, janyewarsa kuma ta rufe.

Mutanen ƙasar ba su jira Bature ya gaya musu haka ba. Fali da Bata ne suka riga kowa zama a wannan yanki. A farkon rabin ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Fulani ƙarƙashin Modibbo Haman Njundi suka kafa garin da ya zama Garwa, a matsayin ɗaya daga cikin lamiɗancin da ke bin Yola. A kan tudun da ke gaɓar arewa suka zauna, suka bar fadama ga kogi. Fataken Hausa da na Barno suka biyo baya, suna kawo tufafin Kano da kanwa da dawaki, suna komawa da hauren giwa da goro, har da bayi, domin wannan ma yana cikin tarihin Adamawa, ba a ɓoye shi. Sunayen unguwannin Garwa har gobe suna ba da wannan labari: Fulɓere, Hausare, Kolere ta Barebari, ga kuma Yalwa da Sabon Gari waɗanda ko ba a fassara su ba Bahaushe ya san bakin wa suka fito.

Fadamar da aka bar wa kogi ba asara ba ce, rumbu ce. Duk shekara ruwa yakan hau ta, ya kwanta makonni, ya zubar da laka mai taki, sa'an nan ya janye. Kifi yakan bi ruwan ya shiga ciyawa ya hayayyafa, masunta su tare shi a kan hanyarsa ta komawa. Makiyaya su sauko da shanu su sami ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Mafi ban sha'awa shi ne noman masakwa, dawar nan ta rani da Fulani ke kira muskuwaari, wadda ake yi a baƙar laka mai riƙe ruwa da suke kira karal. Ana yafa iri a wuri guda tun damina ba ta ƙare ba. Idan ruwa ya janye wajen Oktoba sai a tuge shuka a dasa ta a laka, a huda rami da turke, a ɗan zuba ruwa, shi ke nan. Ba ta ƙara ganin ruwan sama ko ɗigo, laimar da kogi ya bari ita take sha har a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Gidan da gero ya ƙi masa da damina, masakwa ce ke rufa masa asiri. Manomin da ke wannan sana'a, shekarar da kogi bai kawo sosai ba ita ce shekarar baƙin cikinsa.

Kwata a tsakiyar tudu

Zuwan Turawa bai sauya wannan lissafi ba, ƙara masa nauyi ya yi. Yarjejeniyar Balin ta 1885 ta ce kogin Kwara da rassansa hanya ce ta kowa, ko da ƙasar da suka ratsa ta wani ce. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 kuma ta bar Yola a hannun Ingila, Garwa ta faɗa rabon Jamus. Da alƙalami ɗaya aka raba ƙasar Adamawa, aka kuma raba kogi: kansa a wata daula, jikinsa a wata. Duk gardamar da za mu gani nan gaba tsakanin Yawunde da Abuja, daga wannan layi ta samo asali. A 1901 Ingila ta ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice, Jamusawa suka fasa rundunarsa a wajen Garwa a watan Nuwamba na shekarar. Da Yaƙin Duniya na Farko ya zo, sojojin Ingila da na Faransa suka kewaye sansanin Jamusawa a Garwa har ya miƙa wuya ranar 10 ga Yuni, 1915. Ta kogi aka hauro da babbar igwar da ta karya su, kuma da yawa daga sojojin Afirka da ke yi wa Jamus yaƙi, da suka nemi tsira ta hanyar iyo, Binuwai ne ya ci su.

Akwai wani abin mamaki daga wannan zamani da ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 1903 wani hafsan Faransa, Lenfant, ya hau Binuwai da ƙaramin jirgi, ya shiga Mayo Kebbi, ya sa aka ɗauki jirgin a ka aka kewaye wani babban magangarin ruwa, ya bi ta fadamun Tuburi, sai ga shi a kogin Logon, daga nan har Tafkin Cadi. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne, a shekarar da Logon ya cika ƙwarai, wani kaso na ruwansa yakan tsallake ya bi ta Tuburi ya zubo Mayo Kebbi. Wato ruwan da hanyarsa Tafkin Cadi ce, yakan ɓalle ya wuce ta gaban Garwa ya tafi teku. Hanyar ba ta yi wa Faransa amfanin da ta yi fata ba, amma ta nuna cewa kogunan arewacin Kamaru biyu, Binuwai da Logon, ba baƙin juna ba ne.

A zamanin mulkin Faransa Garwa ta zama tashar jiragen ruwa sosai, gari mai kwata alhali yana tsakiyar tudu. Jiragen kamfanoni sukan taso daga Burutu da Warri a bakin tekun Nijeriya, suna jan manyan kwale-kwalen ƙarfe cike da gishiri da siminti da man fetur da kayan kanti, su koma da gyaɗa da auduga, musamman bayan da aka bunƙasa noman auduga a arewa daga farkon shekarun 1950. Duk cinikin shekara cikin wata biyu zuwa uku ake yin sa, gwargwadon yadda ruwa ya ba da dama. Jirgin da ya yi jinkiri ya bari ruwa ya janye, sai ya kwana a kan yashi, wani lokaci har wata damina. Ɗan kasuwa da ɗan dako da manajan kamfani, duk idonsu a kan ma'aunin ruwa yake, kuma addu'arsu ɗaya da ta manomin masakwa: Allah ya kawo ruwa da yawa, ya kuma daɗe.

Abubuwa suka haɗu suka kashe wannan kasuwa. Yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya toshe ƙasan kogin. A 1974 layin dogo daga Duwala ya iso Ngaundare, sai kaya suka koma bin jirgin ƙasa da manyan motoci, hanyar da ba ruwanta da damina, kuma ba ta ratsa ƙasar kowa. Madatsar Lagdo ce ta ƙarasa abin da ya rage.

Madatsu biyu, 'ya'yan fari

Ba za a fahimci Lagdo ba sai an tuna da lokacin da aka haife ta. Farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, ya kuma dawo da ƙarfi wajen 1983 da 1984, ya sa duk mai mulki a wannan yanki tunaninsa ɗaya ne: yadda za a kama ruwa kada ya tsere. Ba wanda ke kwana da tsoron yawansa. Shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne. Ya ƙulla hulɗa da ƙasar Sin a 1971, ya ziyarci Bejin a 1973, kuma Sinawa ne suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, a wani matsatsi tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 50 sama da Garwa. Tsayinta mita 40 ne, tsawonta ya ɗan haura mita 300, tafkin da ta tara ya kusa murabba'in kilomita 600. Injinanta huɗu suna iya ba da megawat 72, kuma shekaru da dama ita ce uwar wutar lantarkin arewacin ƙasar baki ɗaya, daga Ngaundare har Marwa.

Amfaninta ba abin musu ba ne. Masana'antun Garwa sun sami wuta, kogin da a da yakan zama 'yar ƙorama tsakanin tarin yashi da rani ya riƙa gudana duk shekara, tafkin kuma ya jawo masunta daga wurare masu nisa, Musgum da Kotoko da Hausawa da wasunsu. Amma ruwan da madatsa ta riƙe, shi ne wanda a da yake hawa fadama. Laka ta daina jiƙa yadda ta saba, noman masakwa a kwarin da ke ƙasa da Lagdo ya ja baya ƙwarai. An yi alkawarin maye gurbinsa da noman rani na zamani a dubban kadada, amma abin da aka gyara a zahiri kaɗan ne daga abin da aka zana a takarda. Sai a 2020 Bankin Duniya ya amince da sabon shiri na farfaɗo da wannan aiki.

Can arewa, a kwarin Logon, an yi irin wannan tun kafin a gama Lagdo. Wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da Fulani ke kira yaayre, dubban murabba'in kilomita ce da ruwa ke rufewa duk shekara. Kotoko sun gina garuruwansu a kan tsofaffin tuddai, Musgum sun zauna a kan jigayin bakin kogi, Larabawan Shuwa da Fulani suna shigowa da dabbobi idan ruwa ya janye. A 1979 aka gina madatsar Maga, jingar ƙasa mai tsawon kilomita 27, aka kuma bi gaɓar Logon da wata jingar, domin hukumar noman shinkafa ta Yagwa, wato SEMRY, ta sami ruwan ban-ruwa. Jinga ta haɗu da fari, sai wani babban yanki na yaayre ya daina ganin ruwa. Ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya suka watse, namun dajin gandun Waza suka shiga ƙunci. Abin ya yi tsanani har a 1994 aka fasa jingar da gangan a wani wuri domin ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa, aka ƙara buɗe wata kafa a 1997. A ganina babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a duk labarin: hukuma da ƙwararru sun kashe kuɗi don su hana kogi malala, bayan shekara 15 suka sake kashe kuɗi don su roƙe shi ya malala.

A Garwa kuwa wani abu ne ya faru a hankali, wanda ba a rubuta ranarsa ba. Ƙidayar 1976 ta sami mutum kimanin dubu 64 a garin; ta 1987 ta sami kimanin dubu 142; ta 2005 ta sami kimanin dubu 236. Ƙauyukan kwarin ma sun cika da baƙi, domin tun shekarun 1970 gwamnati ke ƙarfafa wa mutanen duwatsun Mandara da sauran wurare masu cunkoso gwiwa su sauko su yi noma a ƙasar Binuwai. Duk waɗannan mutane suna bukatar wurin kwana da gona. Fili mafi araha, mafi taki, mafi kusa da ruwa, shi ne fadamar da madatsa da fari suka busar. Baƙon da ya zo bayan 1982 bai taɓa ganin kogi a kan wannan fili ba, dattijon da ya gani kuwa sai a ce masa ai wancan zamanin kafin madatsa ne. Aka yi gini da tubalin laka, wanda kwana biyu a cikin ruwa ya ishe shi ya narke.

Su ma masu kula da madatsar suna tsaka mai wuya, kuma adalci ne a faɗi haka. Aikin da aka ba su shi ne wuta. Idan damina ta ƙare tafki bai cika ba, kafin wata damina injina za su rasa ruwa, yankuna uku su shiga duhu a tsakiyar zafin bazara, kamar yadda aka sha gani a shekarun da ruwa ya yi ƙaranci. Saboda haka hankalinsu yana kan cika tafki. Shi kuwa maganin ambaliya akasin haka yake so: a bar wuri a tafki domin ruwan da bai zo ba tukuna. Tulu ɗaya ba ya zama cikakke kuma wofi a lokaci guda. Ƙari a kan haka, yashi da lakar da ke gangarowa daga gonakin da aka sare itatuwansu suna ta taruwa a gindin tafkin, suna rage masa ciki. Idan aka yi marka a ƙarshen Agusta tafki yana cike, zaɓi ya ƙare: ko a buɗe ƙofofi, ko a sa madatsar kanta cikin haɗari.

Shekarar 2012 da abin da ya biyo baya

Haka ta faru a 2012. Damina ta yi ƙarfi, tafkin Lagdo ya kai maƙura, a ƙarshen Agusta aka buɗe ƙofofi sosai, a daidai lokacin da Mayo Kebbi da Faro su ma suke cike. Ruwa ya koma tsohon gidansa ya tarar an gine shi. Ƙauyukan kwarin da unguwannin Garwa na bakin kogi suka nitse, gonakin masara da shinkafa da auduga suka tafi, an rasa rayuka, dubban mutane suka koma kwana a makarantu da tantuna ana gab da komawa karatu. A Arewa Mai Nisa Logon ya ɓalle jinga, madatsar Maga ta fara zaizayewa har aka kwashe mutanen da ke zaune a gindinta don tsoron kada ta fashe. A watan Satumba Shugaba Paul Biya, wanda ba kasafai yake zagaya yankunan ƙasar ba, ya zo Garwa, ya wuce Girbidik kusa da Maga, inda ya yi alkawarin gina jinga mai hanyar mota a kanta, tsawon kilomita 330, daga Gobo zuwa Kusuri. A 2013 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 108 don gyaran madatsar Maga da jingar Logon.

Ruwa bai san layin 1893 ba. Ya shiga Adamawar Nijeriya, ya bi Taraba da Binuwai, ya haɗu da Kwara wanda shi ma ya cika, ya yanke hanyar Lokoja zuwa Abuja, ya gangara har Bayelsa. Hukumar ba da agajin gaggawa ta Nijeriya ta ce mutum 363 suka rasu a ambaliyar wannan shekara a faɗin ƙasar, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. Daga nan sunan Lagdo ya shiga bakin mutanen da ba su san ko a wace kusurwa take ba, tare da wani suna da zai ja hankalin ɗalibin Hausa: Dasin Hausa, wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Fufore ta Jihar Adamawa. A nan ne aka tsara tun farkon shekarun 1980 cewa Nijeriya za ta gina tata madatsar, wadda za ta fi Lagdo girma, ta tare ruwan da aka saki. Ba a gina ta ba. Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna sai a tono maganarta a majalisa da jaridu, rani na yi a mayar da ita aljihu.

Da aka sake yin babbar ambaliya a 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, Ministan Albarkatun Ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya gaya wa 'yan majalisa cewa kason Lagdo a cikin wannan ruwa ƙanƙane ne, mafi yawansa ruwan saman da ya sauka a cikin Nijeriya ne. Mutane da yawa ba su ji daɗin maganar ba, amma taswira tana goyon bayansa fiye da yadda ake zato. Lagdo tana sama da mahaɗar Mayo Kebbi da ta Faro, ba ta da iko da ko ɗaya daga cikinsu. A cikin Nijeriya kuma Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk suna zuba nasu. Mutumin Lokoja da ya ɗora wa Lagdo dukan laifi ya yi kuskuren lissafi. Sai dai wannan hujja ƙarfinta yana raguwa gwargwadon yadda aka matso kusa da madatsar. Ga mai gona a Fufore, balle mai gida a gefen Garwa, ruwan da aka saki cikin dare ba ƙanƙane ba ne, kuma abin da ya fi cutar da shi ba yawan ruwan ba ne kaɗai, har da zuwansa ba sallama. Cikar kogi ta dā tana hawa taki-taki, mutum ya kafa kara a gaɓa da yamma, da safe ya duba ya san sauran kwana nawa. Cikar da ke fitowa daga ƙofar ƙarfe ba ta bin karan kowa.

Ba duk ruwan da ke cin gida a arewacin Kamaru ne ke fitowa daga madatsa ba. A Marwa, rafukan yashi da ke gangarowa daga duwatsun Mandara sukan kwana a bushe su wayi gari suna tumbatsa. Irin wannan ne ya karya gadar Palar a ƙarshen Agustan 2020. A Garwa ma ruwan sama na 'yan sa'o'i ya isa ya cika unguwa idan magudanai sun toshe da shara da leda, ko kuma idan kogin da za su zuba a ciki ya riga ya fi su tsawo. A Kusuri, inda Logon ya haɗu da Shari daura da Njamena, abin ya fi ban al'ajabi: ruwan yakan iso a Oktoba ko Nuwamba, sama tangararas, damina ta riga ta ɗauke, domin ruwan da aka yi can kudu makonni da suka wuce ne yake isowa. Haka aka gani a 2022. A bayan kowanne kuma akwai rijiyoyin da suka gauraya da masai, da kwalara da zazzaɓin cizon sauro da ke biyo sawu.

Bayan 2012 ƙasashen biyu sun daidaita cewa Kamaru za ta riƙa sanar da Nijeriya kafin ta buɗe ƙofofi, kuma za a riƙa sakin ruwan kaɗan-kaɗan. An ga alamar haka a 2024. A wannan damina ɗaruruwan dubban mutane ne ruwa ya shafa a Arewa Mai Nisa, gadar Danai da ke tsakiyar Yagwa ta karye a watan Satumba, jingar kilomita 330 da aka yi alkawari a Girbidik kuwa ruwan bai tarar da ita ba. Ranar 10 ga watan madatsar Alau ta ɓalle ta cinye rabin Maiduguri, abin da ba shi da alaƙa da Lagdo ko kaɗan, domin kogin Ngadda Tafkin Cadi yake fuskanta, amma ya sa kowa ya kasa kunne. Mako guda bayan haka hukumar kula da ma'aunin koguna ta Nijeriya ta ba da sanarwar cewa za a fara sakin ruwan Lagdo da kubik mita 100 a kowace daƙiƙa, a riƙa ƙarawa a hankali har zuwa 1,000 cikin kwana bakwai, ta kuma lissafa jihohi 11 da ke kan hanyar ruwan, daga Adamawa har Ribas, ta ce su shirya.